Rumfar tafakkuri a bakin tafkin Gidimuni: ina neman shawarar magina da masana tsuntsaye

Ɗalibar zanen gini, Sabon Gari, ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni haifaffiyar Damagaram ce, ina shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine, kuma aikin da za a auna ni da shi kafin a sallame ni shi ne in zana ƙaramar rumfa ta zaman shiru a gefen wuri mai dausayi, inda mutum ɗaya ko mutane kaɗan za su zauna su natsu, su dubi ruwa da tsuntsaye, su yi tafakkuri a kan halittar Ubangiji. An shardanta mana cewa lallai siffar ginin ta samo asali daga wurin da za a kafa shi. Na zaɓi tafkin Gidimuni, wanda ke kan hanyar Gure bayan an wuce Mirya, domin tun ina ƙarama nake hango dabinonsa ta tagar mota idan za mu ziyarci dangin mahaifiyata, kuma domin a 2019 an shigar da shi cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu ga duniya, kamar yadda aka shigar da tafkin Lasuri tun 2005.

Zanen da na fara yi shi ne furen bado a buɗe. Na yi masa ganye takwas na siririn kankare, na ɗora shi a kan ginshiƙai a cikin ruwa, na haɗa shi da gaɓa da wata gada mai tsawon mita 30, kuma na sa fuskarsa ta dubi yamma domin mai zama ya ga faɗuwar rana a kan tafki. A kwamfuta zanen ya yi kyau ƙwarai, har abokan karatuna suka yaba. Amma malamin da ke duba aikina bai ce da ni komai a kan kyansa ba, sai kawai ya tambaye ni ko ni kaina zan iya zama a cikinsa da la'asar a watan Afrilu. Wannan tambaya ce ta sa na shiga mota na koma Gidimuni, na nemi gindin wata goruba na zauna kusan awa biyu ba tare da takarda ko alƙalami ba. Abu biyu na gani waɗanda suka ruguza mini lissafi. Da na miƙe tsaye don in karkaɗe tufafina, garken tsuntsayen da ke kiwo a bakin ruwa, nesa da ni sosai, suka tashi gaba ɗaya, ba su dawo ba har na bar wurin. Sannan wani dattijo mai lambu ya tsuguna ya kankaro mini wani farin ɓawo daga ƙasa da farcensa, ya ce in ɗanɗana, na ji kanwa ce.

Tambayoyina ke nan. Da me ya kamata a gina irin wannan rumfa a ƙasa mai laima da kanwa, da laka irin ta gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ko da itace da zana? A ina ya dace a kafa ta, kuma ina ya kamata ta fuskanta? Kuma shin idan aka ce gini ya samo asali daga halittar wuri, dole ne ya yi kama da fure ko fiffiken tsuntsu, ko kuwa akwai wata fahimta da ta wuce wannan? Allah ya saka wa duk wanda ya ba ni lokacinsa.

Tsohon magini, Birni, ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikana ne ya karanta mini tambayarki, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa, saboda haka idan kin ga kuskure ki yi mana uzuri mu biyu. Na yi sama da shekara arba'in ina cuɗa ƙasa, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki fitar da rumfar nan daga cikin ruwa. Bado a ruwa yake zaune domin saiwarsa tana cikin taɓo kuma ba ya tsoron ambaliya, amma gini ba shi da wannan baiwar. Ki je ki nemi tsofaffin masu lambu su nuna miki iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi cika a saninsu, ki kafa turke a wurin, sannan ki ƙara ja da baya zuwa kan tudu. Duk abin da ma'aunin zamani zai gaya miki a ziyarar kwana ɗaya bai kai abin da waɗannan mutane suka gani da idonsu ba.

Game da kanwar da aka ba ki kika ɗanɗana, wannan dattijo ya yi miki karatu babba. Ginin ƙasa ba daga sama yake mutuwa ba galibi, daga ƙafa yake mutuwa. Laima tana hawowa daga ƙasa ta shiga cikin bango ɗauke da gishiri da kanwa, idan rana ta busar da ita sai gishirin ya tsaya a fatar bango, ya riƙa cinye ta tana zuba kamar gari, har gindin bango ya rame ya kasa ɗaukar abin da ke bisansa. Maganin wannan shi ne harsashin dutse. Mu Damagaram Allah bai hana mu dutse ba, duk wanda ya shiga Birni ya ga manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su. Ki tona harsashi, ki jera dutse har ya taso sama da ƙasa kamar zuwa gwiwa, ki shimfiɗa abin da zai tare laima a kansa, daga nan ne tubali zai fara. Kuma kada a cuɗa ƙasar ginin da ruwan tafki ko da taɓon bakinsa, a ɗebo jar ƙasa daga tudu, a cuɗa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa kwanaki ana juyawa kafin a taɓa ta. Ina kuma roƙonki kada ki bari kowa ya ruɗe ki da yaɓen siminti a kan laka. Shekara biyu ko uku zai yi kyau, alhali a bayansa laima ta rasa hanyar fita tana jiƙa bango, ranar da ya tsage kuwa sai ya ɓallo falle guda ya taho da naman ginin. Iyayenmu makuba suke shafawa, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a kan rufi kuma su yi laso da katsin marina, kuma duk waɗannan suna barin bango ya yi numfashi.

Sai maganar gabas. Kowane yaron magini ya san hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, da iska da ƙura a gaba, ruwa a baya yana dukan bango a karkace, shi ya sa bangon gabas ne kullum yake fara zaizayewa. Iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka ki ba rumfarki baya mai kauri ta wannan ɓangare, bango makaho wanda ba taga ba ƙofa, ki ɗan lanƙwasa shi ya rungumo arewa maso gabas. Za ki tarar kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin alƙiblarmu ma gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, kuma na tabbata duk wanda ya zauna tafakkuri a wurin har lokacin salla ya riske shi, a nan zai yi ta. Ki bar masa daɓe mai tsabta a gaban bangon, wanda zai ɗauki sahu ɗaya.

Rufi kuwa, idan na ƙasa kike so, ki sani azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta kai kamar mita 2, shi ya sa magabata suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗaura azara kan azara daga bango har su haɗu a tsakiya, kamar yadda ake gani a soraye na fada da tsofaffin zaurukan attajirai. Aiki ne mai kyau, amma yana son mai kula. Kin dai ga abin da ya faru a Satumban 2024, lokacin da ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Ranar nan na yi kuka kamar an yi mini rasuwa. Idan ginin da ke tsakiyar gari, idon kowa a kansa, ya iya faɗuwa, to ki yi tunanin wanda ke bakin tafki shi kaɗai, ba mai leƙa indararonsa kafin damina.

Malamin makaranta mai bibiyar tsuntsaye, Mirya, ya amsa:

Malama, Baba magini ya gama magana a kan bango, ni kuma zan tsaya a kan waɗanda za a je kallo, domin idan rumfar ta kore su to an yi ba a yi ba. Abin da ya faru da ke a gindin goruba ba abin mamaki ba ne. Tsuntsun ruwa bai damu ƙwarai da abin da ke zaune wuri ɗaya ba ya motsi, har yakan saba da shi cikin 'yan kwanaki, amma siffar mutum a tsaye, musamman idan sararin sama ne a bayansa, ita ce abin da ya fi tsoro. Gadarki mai mita 30 a kan ruwa tana nufin duk wanda zai shiga rumfar sai ya yi tafiya a fili, tsuntsaye suna kallonsa daga kowane gefe, kafin ya zauna sun watse. A wuraren da aka tanada don kallon tsuntsaye, hanyar shiga ake fara ɓoyewa kafin a yi maganar ɗakin kansa. Ki bi da hanyarki ta bayan bishiyoyi, inda babu bishiya ki kafa zana ta gamba wadda ta fi tsayin mutum, mai zuwa ya shigo ta bayan rumfa ba tare da ruwa ya gan shi ba. Cikin rumfar ya kasance da duhu-duhu, wurin dubawa kuma ya zama doguwar kafa a kwance, daidai idon mutumin da ke zaune a tabarma, ba wanda ke tsaye ba. Idan akwai haske a bayan mai kallo, tsuntsu zai ga inuwarsa tana motsi ta cikin kafar, don haka ƙofar shiga ta zama mai lanƙwasa, irin yadda zaure yake hana na waje hango tsakar gida.

Fuskantar yamma da kika zaɓa ita ce mafi wahala a duk kusurwoyi huɗu. Da la'asar rana tana sauka ta daki ruwa, ruwa ya maido da hasken cikin ido, duk tsuntsun da ke gabanki ya koma baƙin abu marar launi, ga zafi kuma yana shigowa kai tsaye. Lokacin da tafkunanmu suka fi cika da baƙin tsuntsaye shi ne daga wajen Oktoba zuwa Maris, sa'ad da agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa suke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan, su tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. A waɗannan watanni rana ta kudu take bi, saboda haka wanda ya zauna a gaɓar kudu yana duban arewa, rana tana bayansa, launin kowane gashi zai fito masa sarai. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ne kawai rana take komawa ta arewa da mu, kuma da tsakar rana ba ta yin nisa da tsakiyar kai, ɗan baki kaɗan a rufi ya isa ya tare ta. Inda za ki yi hattara shi ne yammacin watan Yuni, domin a lokacin rana tana faɗuwa ne yamma maso arewa, za ta iya leƙowa ta gefen kafar. Asabari guda da ake saukewa ya wadatar.

Wani abin da nake so ki sa a lissafi shi ne tafki ba hoto ɗaya ba ne. Lasuri, alal misali, da damina shimfiɗa guda ce ta ruwa, da rani kuma sai ta rarrabu ta zama ƙananan tafkuna a jere, ga bagaruwa da giyayya da gawo a kewaye. Gawo kansa da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, saɓanin sauran itatuwa, wato inuwar da kika auna a Janairu ba za ki same ta a Agusta ba. Shamuwa kuma sai gab da damina take isowa, lokacin da baƙin Turai sun riga sun koma. A ganina wannan jujjuyawar ita ce ainihin abin da mai tafakkuri zai je gani, kuma rumfar da aka kafa ta yadda mutum zai dawo wuri ɗaya sau huɗu a shekara ya tarar da abu huɗu daban ta fi furen kankare kusa da halittar wurin. Ki kuma lura da kacala, domin inda ta samu ruwa marar zurfi takan yaɗu da sauri, kafar da ke duban buɗaɗɗen ruwa bana tana iya duban bangon ciyawa bayan 'yan shekaru.

Mai lambu, ɗan asalin Gidimuni mazaunin Zango, ya amsa:

Ina neman afuwar malamai, ni ba masani ba ne, amma a bakin wannan ruwa aka haife ni, kuma har yanzu muna da dabino da rake a can. Duk na karanta abin da aka rubuta ban ga inda aka tambayi filin wane ne ba. Wanda ya zo daga birni yakan ga bakin tafki kamar daji ne wanda ba mai shi, alhali kowane taku akwai mai shi, wani gado ne, wani aro ne, wani kuma mashaya ce da burtalin da dabbobi suke bi tun kakanni. Shigar da tafkin cikin jerin Ramsar bai mai da shi gandun da aka kewaye aka kori mutane ba, abin da yarjejeniyar take nema shi ne a ci moriyar dausayi cikin hikima ba tare da an kashe shi ba. Idan zanar da Malam ya ce a kafa ta tare hanyar da shanu suke bi su sha ruwa, wallahi ba za ta kwana bakwai a tsaye ba, kuma ba za a ce makiyayi ya yi laifi ba. Tun 1993 ƙasarmu Nijar take da dokar filayen karkara, akwai kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har zuwa sama, ga mai gari, ga magajin gari, ga ma'aikatan gandun daji waɗanda sai da izininsu ake sare goruba ko giginyar da za a yi azara. Ko da aikin makaranta ne wanda ba za a gina ba, ya kamata takardarki ta nuna kin san da su.

Na biyu, ƙanwata, kina maganar faɗuwar rana, mu kuwa a can faɗuwar rana lokacin sauro ne. Daga magariba ba mai zama bakin ruwa da son ransa, musamman daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓi yake kwantar da yara. Zaman bakin tafki na hantsi ne da sanyin safiya. Kuma kada ki yi matakalar da za ta sauka cikin ruwa, domin yara za su mai da ita wurin wanka, ruwan da ba ya gudu kuwa shi ke kawo tsargiya. A ajiye randa a cikin rumfa don sha da alwala ya fi.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Na taɓa ganin wata rumfa da wasu baƙi suka gina a wani ƙauye, aka yi bikin buɗewa da jawabai, aka tafi. Ba a damƙa ta a hannun kowa ba. Cikin shekara biyu awaki suka mai da ita turke, aka cire ƙyauren, jemagu suka gaje rufin. Mu manoma ba mu rasa wurin tunani ba, gindin kowace bishiya wurin tunani ne. Idan ana so mutanen gari su ɗauki rumfar nan tasu, sai ta yi musu wani amfani, ko mai lambu ya fake a ciki idan hadari ya taso, ko malamin makaranta ya kawo yara su ga tsuntsaye, kuma a san sunan wanda zai share ta da abin da zai samu.

Mai zanen gine-gine, ɗan Damagaram mazaunin Yamai, ya amsa:

Ƙanwata, tambayarki ta uku ce ta ja ni, domin ni ma na faɗa wannan rami lokacin ina ɗalibi. Misalin da zan ba ki shi ne rumfar da Francis Kéré, ɗan garin Gando a Burkina Faso, ya yi a lambun Kensington na birnin Landan a 2017, shekara biyar kafin ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022. Ya ce daga bishiyar da mutanen garinsu suke taruwa a gindinta ya ɗauko tunanin, amma bai sassaƙa reshe ko ganye ba. Abin da bishiya take yi ya ɗauko, wato faffaɗan rufi da ke tace haske, bangaye da ba su taɓa rufin ba don iska ta ratsa, da buɗaɗɗiyar tsakiya inda ruwan sama yake taruwa ya zubo. To ke ma ki tambayi kanki abin da bado yake yi, ba yadda yake ba. Yana shimfiɗa inuwa a kan ruwa, yana hawa da sauka tare da shi, kuma idan ruwa ya janye yakan bar saiwarsa a taɓo ya jira wata damina.

Daga nan ne zan ɗan saɓa wa Baba magini, tare da girmamawa, ko kuma in ce zan ƙarasa abin da ya fara da ya ambaci indararon da ba mai leƙawa. Ni ba zan ɗora rufin ƙasa a wannan wuri ba. Zan raba ginin gida biyu, mai zama da mai tafiya. Mai zama shi ne daɓen dutse da bangon gabas mai kauri da dakalin zama, waɗanda za su yi shekaru. Mai tafiya shi ne rufi marar nauyi na itace da ciyawa da zana da asabari, waɗanda mutanen wurin suka iya saƙawa, ana sabunta su bayan 'yan shekaru ba tare da an jira kuɗi daga nesa ba. Wannan zai amsa wani ɓangare na damuwar ɗan'uwanmu mai lambu, domin gyaran zai zama sana'ar wani a garin, kuma kacalar da Malam yake tsoro ita kanta ana iya yanke ta a saƙa. Ginshiƙan itacen kada su shiga ƙasa, a ɗora su a kan dutse saboda gara. Rufin ya zarce bangon ƙasa sosai ta kowane gefe, kuma a ɗaure shi da kyau, domin iskar da ke gaban hadari ta fi ruwan kansa ɓarna ga rufi marar nauyi.

Ba ina cewa laka ta gaza ba ne. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya samu lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 1986, kuma da ƙasa aka yi shi. A Dandaji ma, ginin Hikma, wato masallaci da wurin karatu, da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018 ya nuna abin da tubalin ƙasa da aka matse da inji zai iya yi, har aka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu. Sai dai waɗannan duka suna tsakiyar jama'ar da ke shiga cikinsu kullum, taki rumfar kuwa a gefe take. Ki kuma rage girmanta. Wurin da zai ɗauki mutum shida a zaune ya isa, idan ya fi haka hira za ta shigo, shirun da ake nema ya fita.

Ɗalibar zanen gini ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na ajiye furen bado, ko da yake sai da na yi kwana biyu ina jin zafin rabuwa da shi. Jiya na koma Gidimuni tare da kawuna, muka gaida mai gari, aka haɗa ni da dattawa biyu waɗanda suka zagaya da ni gaɓar kudu. Sun nuna mini wata tsohuwar goruba da suka ce ruwa bai taɓa wuce gindinta ba a saninsu, sun kuma nuna mini burtali, wanda ashe wurin da na fara zaɓa yana tsakiyarsa. Yanzu na matsa kan wani ɗan tudu a bayan gorubar, na zana daɓen dutse, da bango guda mai lanƙwasa daga gabas zuwa arewa maso gabas, da rufin ciyawa a kan ginshiƙai shida, da kafar dubawa a tsayin mai zama a tabarma.

Sai dai wata matsala ta ɓullo. Idan bangon ya rungumo arewa maso gabas yadda Baba ya ce, yana cinye kusan sulusin ruwan da ake hangowa daga dakali, kuma ta wannan gefen ne tsuntsaye suka fi taruwa da safe. Idan na gajarta shi, iskar hunturu za ta shigo kai tsaye a watannin da Malam ya ce su ne na kallo. Baba, ko akwai dabarar da magina suke yi a irin wannan hali?

Tsohon magini ya sake amsawa:

'Yata, kada ki gajarta bangon, kuma kada ki bar shi makaho har ƙarshe. Ɓangaren gabas sosai, inda hadari yake duka, ki bar shi yadda yake. Inda ya fara lanƙwasa zuwa arewa, ki huda shi da ƙananan kafofi uku ko huɗu irin waɗanda muke yi a soro, ƙunci daga waje, faɗi daga ciki, kowace kamar tafin hannu biyu a bakinta na waje. Bango mai kaurin kamu ɗaya da rabi yana karya ƙarfin iska kafin ta ratso irin wannan kafa, mai zama kuma idan ya matso da fuskarsa zai ga ruwa da abin da ke kansa. Ki sa ƙasan kowace kafa ya gangara waje don kada ruwa ya kwanta a ciki, ki kuma tanadi ɗan toshi na itace ko na tsumma da za a cusa idan ƙura ta yi yawa.

Amma kada ki yanke wurin kafofin a kan takarda. Idan sanyi ya shigo, ki sayi zana biyu a kasuwa, ki kafa su a kan tudun daidai inda bangon zai tsaya, ki zo da asuba ki zauna a bayansu da wuƙa a hannu. Inda idonki ya nemi ruwa, nan za ki yanka. Ki yi haka safiya uku, sannan ki auna ramukan da kika yi ki kawo mini a Birni, jikana zai nuna miki gidan.